Ɗakin cin abincin makarantarmu ya yi mana kaɗan: mu rushe ko mu gyara?

"Assalamu alaikum. Ni ne mataimakin shugaba a wata makarantar sakandare ta kwana, ta maza, a nan Arewa. Ɗakin cin abincinmu tsohon gini ne, tsawonsa mita 30, faɗinsa mita 12. Ƙofa ɗaya ce ke aiki, kuma ta taga ɗaya ake miƙo abinci daga kicin. Ɗalibanmu yanzu 1,100 ne, minti 45 muke ba su. Kullum sai an yi turereniya, wasu ƙananan yara su kwana ba su ci ba, wasu kuma su kwashi abincin su tafi ɗakin kwana. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta tara mana kuɗi. Wasu na cewa a rushe a gina babba, wasu na cewa a ƙara masa tsawo, amma kuɗin ba za su kai ga sabon gini ba. Ta ina za mu fara?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka lura da yaran da ke kwana ba su ci ba, domin su ne ba a jin muryarsu a taron malamai.

Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya. Shin ɗakin ya yi ƙanƙantar da sai an rushe shi? Kuma da ɗan abin da ke hannu, me ya kamata a fara taɓawa? Sana'ata zanen gine-gine, kuma da yawa daga cikin aikina a makarantu na yi shi. Ra'ayina shi ne kada ku rushe. Ɗakin ya yi kaɗan, wannan ba musu, amma ba ƙanƙantarsa ce ke hana yaranku cin abinci ba. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya da ƙararrawa ɗaya su ne ke hana su. Ko kun gina wanda ya ninka wannan sau uku, kuka bar waɗannan ukun yadda suke, turereniyar za ta bi ku can.

Ba ku kaɗai ba ne a wannan hali. Yawancin irin waɗannan ɗakuna an gina su ne lokacin da makarantar kwana ke ɗaukar 'yan ɗaruruwa. Daga baya aka yi shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da ƙaramar sakandare kyauta kuma dole, Kano ta shelanta ilimi kyauta har sakandare a 2019, sannan bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 da na Jangebe a Fabrairu 2021 jihohi suka rufe wasu makarantun kwana na bayan gari, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage. Duk lokacin da ɗalibai suka ƙaru, ajujuwa ake ƙarawa, wani lokaci da ɗakin kwana. Kicin, dainin da banɗaki sai a bar su da awon da aka yi musu tun farko.

Lissafin da za a yi kafin a kira magini

Mu fara da wurin zama. A Ingila, ƙa'idar gine-ginen makarantu da ma'aikatar ilimi ta fitar a 2014 ta ware kusan murabba'in mita 0.9 ga kowane mai cin abinci. Ni mita ɗaya cif nake lissafawa a nan, saboda zafi da kuma yadda muke ci da manyan kwanuka. Ɗakinku murabba'in mita 360 ne. Idan aka cire wajen rabon abinci, abin da zai ɗauka cikin mutunci bai wuce yara 330 ba. Wato kuna tura mutum uku da ɗoriya wurin mutum ɗaya.

Amma ga lissafin da ya fi wannan muhimmanci, kuma ban cika ganin an yi shi ba. Ka tsaya bakin tagar nan da agogo ka ƙirga yara nawa ake sallama a minti ɗaya. Idan mai rabo ƙwararre ne, ya zuba tuwo ya zuba miya ya miƙa, zai ci kamar daƙiƙa shida a kan kowane yaro, wato goma a minti. A haka yara 1,100 sai sun ɗauki minti 110 kafin na ƙarshe ya karɓa. Ku kuma minti 45 kuka bayar, wanda a cikinsa 450 kacal taga ɗaya za ta iya sallama a kan layi. Sauran 650 ɗin fa? Yaran ba su yi wannan lissafi a takarda ba, amma cikinsu ya sani: duk wanda ya tsaya bin layi ba zai ci ba. Saboda haka abin da ake kira rashin tarbiyya a bakin tagar nan hankali ne na yaro mai jin yunwa, kuma bulalar firfet ba za ta gyara shi ba. Kamar a ce za a ɗura ruwan randa ta bakin kwalba ne, dole ya zube gefe, kuma wanda ke zubewa gefe shi ne ɗan aji ɗaya wanda ba shi da ƙarfin kafaɗa.

Akwai kuma lokacin cin kansa. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar kada lokacin da yaro zai yi a zaune yana cin abincin rana ya gaza minti 20, ban da na layi. Wani bincike da Juliana Cohen da abokan aikinta na Jami'ar Harvard suka fitar a 2015 ya nuna yaran da ba su samu minti 20 ba sun ci ƙasa da takwarorinsu masu minti 25 da kashi 13 cikin 100 na babban abincin. Wannan a inda ba a turereniya ke nan, kuma yaro zai koma gida ya ci na dare. Naku ba su da wani gidan da za su koma.

Don haka kafin a kashe ko kwabo, ina so ku ɗauki mako guda kuna awo. A rubuta ƙarfe nawa aka kaɗa ƙararrawa, ƙarfe nawa na ƙarshe ya karɓi abinci, yara nawa ne a zaune, nawa a tsaye, nawa suka fita da kwano. A yi haka safe, rana da dare, domin ranar kunu da ƙosai daban take da ranar tuwo. Ɗaliban aji biyar masu karatun lissafi za su iya wannan aiki da kyau, kuma takardar da za ta fito ita ce za ku ajiye gaban tsofaffin ɗalibai idan gardamar rushewa ta taso.

Ƙofofi tukuna

Ko da kuɗin abu ɗaya kawai za su iya yi, to a buɗe ƙofofi. Wannan ya wuce maganar jin daɗi, maganar rai ce. A 1883, a wani zauren taro da ake kira Victoria Hall a garin Sunderland na Ingila, yara 183 suka mutu ba gobara ba komai. An ce za a raba kyauta, suka rugo, suka tarar da ƙofa mai buɗewa ciki an sakale ta an bar gibin da yaro ɗaya kawai zai wuce. Bayan wannan ne aka fara tilasta ƙofofin fita daga zaurukan taro su riƙa buɗewa waje. Mu ma ba mu manta da Ibadan ba, inda yara 35 suka rasu a turmutsutsu a Disamba 2024 wajen wani bikin da aka yi alkawarin rabon abinci da kuɗi. Yara da yawa, abin da ake rububi, mashiga ɗaya: abin da ke faruwa a makarantarku ke nan sau uku kowace rana, Allah ne kawai ke kiyayewa.

Ƙa'idar kashe gobara ta Ingila, wadda mu masu zane muke yawan aro, ta ce idan mutane sun haura 220 a lissafa milimita biyar na faɗin ƙofa ga kowane mutum, kuma a ɗauka ƙofa mafi girma ta toshe. Mutum 330 na buƙatar faɗin mita 1.65 ke nan bayan an cire babbar. Ni zan ce ku yi ƙofofi huɗu masu ganye biyu, kowace mita ɗaya da rabi, biyu a kowane dogon bango, duk masu buɗewa waje. Ka ce ƙofa ɗaya ce ke aiki, wanda ke nuna akwai wasu da aka kulle ko aka jibge karyayyun benci a bayansu. A fara da su. Sauran kuma ga dabara mai sauƙi: a mayar da taga ƙofa. Taga tana da lintal a samanta wanda ke ɗauke da nauyin bango, sai a sare bulon da ke ƙarƙashinta zuwa ƙasa kawai. Ya fi arha kuma ya fi aminci a kan fasa sabon bango.

Na san dalilin da ya sa ake kulle ƙofofin, don kada a fita da abinci ko a shigo sau biyu. A sa firfet a kowace ƙofa, amma muddin akwai yaro a ciki kada kwaɗo ya hau ko ɗaya. A ware biyu na shiga, biyu na fita, don kada mai ɗauke da miya ya yi karo da mai shigowa a guje. Ɗaya daga ciki a yi mata gangare maimakon matakala saboda ɗalibi mai keke ko sanda.

Taga ko tebur

Hanya biyu ce ta rabon abinci, kuma a nan nake so mu daɗe, don nan ne maganin yake. Ta farko a ci gaba da layi amma a ƙara wuraren rabo. Wurare huɗu za su sallami yara 40 a minti, wato rabin makarantar cikin kamar minti 14. Yana aiki, sai dai yana buƙatar masu rabo huɗu zuwa takwas kowane lokaci, kuma layi huɗu na cin fili a cikin ɗakin da ba shi da shi.

Ta biyu ita ce wadda tsofaffin makarantun kwana suka sani, tsofaffin ɗalibanku ma wataƙila da ita suka tashi: tsarin tebur. Kowane tebur na da lamba da sunayen mutum goma. Kowane tebur na da kula biyu, ta tuwo da ta miya, an rubuta lambarsa da fenti a jiki. Minti goma kafin ƙararrawa, yara biyu daga kowane tebur, waɗanda ke kan aiki a wannan mako, su je su ɗauko kulolinsu su ajiye. Idan aka kaɗa ƙararrawa, yaro ya wanke hannu ya shiga ya zauna inda ya san abincinsa na jiransa. Ba layi sam. Wannan na fi so, kuma dalilina ba saurinsa kaɗai ba ne. Yaro yana gudu ne saboda tsoron abinci zai ƙare. Ranar da ya tabbata rabonsa na kan tebur mai lamba kaza, ko ya zo a farko ko a ƙarshe, gudun ya ƙare. Na ga wannan a wata makaranta da na yi wa aiki: an buɗe ƙofofi, an gyara daɓe, amma rububin bai ragu ba sai da aka fara auna abinci tun daga bakin tukunya zuwa kulolin tebur. Ƙari a kan haka, malamin da ke kan aiki zai ga gurbin da babu kowa, ya san wane ne bai zo ba, ya tambaya ko ba shi da lafiya ne. A layi ba wanda zai taɓa lura.

Tsarin yana da rauninsa, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san shi. Idan aka haɗa siniya da juniya a tebur ɗaya, siniyan zai kwashe nama da saman miya ya bar wa yara gabza tsura. Maganin shi ne kowane tebur ya zama 'yan aji ɗaya ne, rabo ya riƙa zagayawa mako mako, kuma wanda ya raba shi ne zai ɗauka a ƙarshe. Sannan ɗaukar kulolin ma na buƙatar hanya. Idan kowane tebur zai ci daƙiƙa 20 a bakin taga, tebura 57 na zama ɗaya (lissafinsu na nan tafe) za su ci minti 19 ta taga ɗaya, amma ta uku bai fi minti bakwai ba. Don haka a faɗaɗa tagar kicin ta zama dogon kanta na siminti mai wuraren miƙo uku, ko a yi wata 'yar baranda tsakanin kicin da dainin inda kukui za su jera kulolin bisa lamba.

Za ka ji wasu sun kawo misalin Japan, inda tun bayan dokar abincin makaranta ta 1954 yara ke ɗauko abinci su raba wa junansu su ci a cikin aji. Darasin da ke ciki na yara su yi hidimar kansu mai kyau ne, kuma shi ne tsarin tebur ya ɗauka. Amma cin abinci a aji ban ba ku shawararsa ba. Ajujuwanmu ba famfo a kusa, miya za ta zuba a littafi, ɓeraye da kyankyasai su tare, kuma na dare ba wanda zai iya sa ido a kan ajujuwa ashirin cikin duhu.

Zama biyu, da rumfa

Da ɗakin kaɗai, mutum 330 a zama ɗaya, sai an yi zama huɗu kafin kowa ya ci. Wannan ya yi yawa, zai cinye ranar karatu kuma ya gajiyar da kukui. Zama biyu shi ne abin da makaranta za ta iya riƙewa shekara da shekaru, kuma don a kai ga haka ana buƙatar wurin mutum 550. Nan ne kuɗin gini za su shiga.

Ga yadda zan shirya cikin ɗakin. Tebur mai tsawon mita uku, faɗin santimita 75, mutum biyar kowane gefe, kowa da santimita 60. A faɗin mita 12 tebura uku za su jeru, da hanyoyi biyu na mita ɗaya da rabi a tsakaninsu. Kowane sahu, tebur da bencinsa da ɗan ratar baya da baya, zai ci kamar mita 2.2. Sahu 11 sun ci mita 24 da 'yan kai, a bar hanya mai ratsawa zuwa ƙofofin gefe, a bar mita huɗu ta wajen kicin. Tebura 33 ke nan, mutum 330. A sa mai walda ya haɗa benci da tebur a ƙarfe ɗaya. Bencin da ba a haɗe ba, kafin zangon karatu ya ƙare za ka same shi a ɗakin kwana ko bakin filin ƙwallo, yara kuma su koma ci a tsaye.

Sauran 220 ɗin a yi musu rumfa mai ɗaukar mutum 240 a jikin dogon bango: tsawon mita 30, faɗin mita takwas, ginshiƙan ƙarfe, rufin kwano, daɓen siminti, da ɗan bango iya ƙugu. Tebura biyu a faɗi da hanya ta mita biyu, sahu 12, tebura 24. Jimla 570 a zama ɗaya, 1,140 a zama biyu. Masu cewa a ƙara wa ɗakin tsawo ba su yi nisa da gaskiya ba, amma ƙarin tsawo na nufin rushe bangon ƙarshe, haɗa sabon rufi da tsoho, sabon tushe da tagogi, kuma ɗakin ya zama dogon lungu wanda na ƙarshensa ya yi nisa da kicin. Rumfa ba ta taɓa tsohon ginin, ana iya yinta ana karatu, kuma ta fi shan iska. Idan dogon bangon na fuskantar arewa ko kudu, madalla. Idan akwai zaɓi a guji yamma saboda ranar la'asar. Gefen gabas a rufe shi da bulo mai huji ko a sauko da rufi sosai, domin ta can hadari ya fi tasowa da iska, hunturu ma daga arewa maso gabas yake kawo ƙura. A duba kuma kada hayaƙin kicin ya riƙa bi ta cikinta.

Zama biyu zai ci kamar minti 70: rabin awa ga kowane rukuni, shiga da ci da fita, da minti goma na share tebura a tsakani. Ina za a samo ƙarin minti 25? A sallah. Da rana a fara sakin ƙananan aji su ci yayin da manya ke alwala da azahar, sai a yi musanya. Masallacin da famfunan alwala ma za su samu sauƙi, don na tabbata su ma cunkoson suke fama da shi. Na safe a raba lokacin hutu biyu. Na dare a fara da wuri yadda za a gama kafin magariba. Kuma ina ganin ƙanana su riƙa fara ci kullum, ba a yi karɓa-karɓa ba. Manya za su yi ƙorafi, amma su suna da makulli a akwati da ɗan garin kwaki, kuma ba wanda zai ƙwace musu.

Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: a raba abincin zama biyun tun kafin na farko su shiga. Idan rukuni na biyu suka taɓa tarar da miya ta ƙare sau ɗaya, washegari za su fasa tsarin, kuma da gaskiyarsu. A sayi kuloli kashi biyu masu launi daban idan hali ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, kuma a riƙe shi da zafin da ya haura digiri 60 har a ci. Minti 40 a rufaffiyar kula ba matsala, amma kada wannan ya zama hujjar dafa na dare tun da hantsi. A zauna da kukui da kicin masta kafin a yanke komai, domin su ne aikinsu zai ƙaru, kuma su suka san tukunya nawa murhunsu ke ɗauka.

Da azumi tsarin zama biyu ba zai yi ba, kowa lokaci ɗaya zai sha ruwa. A shirya wa wannan tun yanzu: rabin makaranta a tebura, rabi a tabarmi a fili kusa da rumfa, kowane rukunin goma da kularsa kamar kullum. A sa fitila mai aiki da hasken rana a wajen saboda sahur.

Ruwa, zafi da hayaniya

Wajen wanke hannu kada a manna shi a bakin ƙofa, a ja shi baya kamar mita goma a kan hanyar zuwa. Ba sai an sayi kan famfo da yawa ba, waɗanda yara ke karyawa cikin wata guda. Bututu ɗaya aka huda masa ƙananan ramuka a jere, da makunni ɗaya a hannun firfet, a saman kwatamin siminti da za a tsaya ta gefe biyu, ya isa. Wuri 30, kowane yaro daƙiƙa 20, mutum 570 sun gama cikin minti bakwai. A yi wani daban ta wajen ƙofofin fita na wanke kwano, da durom na zuba ragowar abinci. Ruwan kuma a yi masa hanya zuwa rami ko gindin itatuwa, in ba haka ba kun yi wa sauro da ƙuda gida a ƙofar ɗakin abinci.

Zafi na daga cikin abin da ke korar yara da kwano zuwa waje. A watan Afrilu, da zafin Kano ko Sakkwato ke kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da mutum ɗari uku da tuwo mai tururi ba wurin zama ba ne. Fanka na taimakawa idan akwai wuta, amma na fi dogara da abin da ba ya buƙatar wuta: mafitar iska a ƙololuwar rufi, da bulo mai huji a saman bango, don iska mai zafi ta fice ta sama. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya yi suna ne da makarantar firamaren ƙauyensu Gando ta 2001, inda ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar iska na ratsawa tsakani. Yanayinsu irin namu ne, kuma mai waldan garinku zai iya yin haka a rumfar. Tagogi a sa musu raga saboda ƙuda. Idan tsohon silin na asbestos ne, kamar yadda yake a gine-gine da yawa na wancan zamani, kada a bari lebura ya farfasa shi da guduma, ƙurarsa na illa ga huhu.

Silin mai laushi yana rage amsa-kuwwa, amma rabin hayaniyar za ta tafi da kanta idan layi ya tafi. Daɓe kuma kada a sa tayil mai santsi, miyar kuɓewa ɗaya ta zuba an samu karaya. Siminti mai kyau ko tarazo, da ɗan gangare zuwa magudana don a riƙa wankewa da ruwa.

Yadda zan kashe kuɗin

Ƙofofi da farko, sai kantar rabo da kuloli, sai tebura, sai wajen wanke hannu, sai rumfa, silin da fenti a ƙarshe. Na san masu ba da gudummawa sun fi son abin da za a yanke ƙyalle a ɗauki hoto, kuma kula ba ta kyau a hoto. A ba su rumfar ta zama abin da za a sa wa allon suna, amma a nuna musu takardar awon nan su yarda a fara da abin da ya fi gaggawa. Kafin rumfar ta tashi, ku gwada tsarin tebur da zama biyu na mako biyu, da tabarmi ko kanofi na haya. Idan akwai inda zai karye, gara ya karye kafin a zuba siminti.

Ban ga gininku ba, awon da ka ba ni kawai na yi aiki da shi. Kafin a sare bango ko a jingina rufi, injiniyan gini mai rajista ya zo ya duba tushe, lintal da katakon rufi. Idan ya ce gara ta cinye rufin ko bango ya tsage har tushe, to magana ta canza, kuma gyaran wannan ya riga komai. Ku sanar da ma'aikatar ilimi ko hukumar da ke kula da ku a rubuce, ku shigo da kwamitin iyaye. Akwai kuma abin da zane ba ya gyarawa. Idan abincin da ake kawowa bai kai adadin yaran ba, ko siniyoyi na aiken ƙanana su kai musu ɗakin kwana, wannan aikinku ne na shugabanni, kuma abin da na ga ya fi tasiri shi ne malami ɗaya ya zauna a tebur ya ci abincin tare da su kowane lokaci.

A takardar da za ku kai ma'aikata ku rubuta adadin 1,140 ɓaro-ɓaro a matsayin iyakar abin da ɗakin da rumfar za su ɗauka a zama biyu. Ku yanzu 1,100 ne, saura gurbin mutum 40. Duk shekarar da za a turo muku fiye da haka, sai dai a zo da kuɗin rumfa ta biyu a ɗaya bangon, don haka ku bar wannan gefen fili, kada a gina komai a wurin.